Bangon Ɗakin Inna

Mahaifinmu ya rasu kwana uku bayan Babbar Sallar 2018, Allah ya jiƙansa da rahama. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ko zaure ba ta leƙawa. Lissafin ya kai mu ƙarshen Disamba, lokacin da hunturu ya kankama a Kano, hazo ya lulluɓe Dala har ba ka ganin kan dutsen daga saman soronmu. Ranar da ta fita, bayan an yi addu'a, an raba sadaka, mata sun watse, Yaya ta ja ni bakin rijiya ta ce, “Ka kuwa dubi ɗakin Inna da kyau? Shekara biyu ana jinya a cikinsa, ga zaman takaba. A yi masa fenti mana, ko zuciyarta ta ɗan sake.”

Ban yi mata musu ba. Musun a kan launi ya taso, kuma sai da ya ci mana kwana tara.

Gidanmu yana cikin birni, tsakanin Kasuwar Kurmi da gindin Dala. Asalinsa ginin ƙasa ne, tubali da azara da daɓe. Ɗakin da aka kawo Inna tana amarya ya faɗi a ruwan watan Agustan 1988, daminar da madatsar Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa masu yawa suka zube a Kano. Ina ɗan shekara tara a lokacin. Abin da nake tunawa kawai shi ne yadda aka yi ta zaro kwanukan jerenta daga cikin taɓo ana ɗauraye su a tsakar gida. Baba ya sake tayar da ɗakin da bulo da siminti, ya yi masa rufin kwano da silin. Ƙafa 12 ne a faɗi, 14 a tsawo, taga ɗaya tana kallon arewa ta cikin lungu, ƙofa kuma tana kallon kudu, wajen tsakar gida. Fentin ruwan ƙwai aka shafa masa. Sau biyu aka sabunta shi cikin shekara talatin, kuma duk ruwan ƙwan aka maimaita, saboda Baba ne ke sayowa, shi kuwa in ya riƙe abu ya riƙe ke nan.

Ni ruwan madara nake so. A lokacin ban daɗe da tarewa a gidana ba, a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin bayan gari, inda kusan kowane falo ka shiga ruwan madara ne. Hujjata kuwa ba ta banza ba ce. Yana da haske, ba ya faɗa da labule ko darduma ko wace iri ce, kuma ya dace da tayil ɗin da aka shimfiɗa a ɗakin lokacin jinyar Baba, wanda shi ma ruwan madara ne. Yaya kuma ta kafe a kan shuɗi mai haske, irin na sararin samaniya bayan an ɗauke ruwa. Ta girme ni da shekara takwas, saboda haka ta san tsohon ɗakin da idon hankali. Ta ce duk gabanin Sallah Inna takan jiƙa farar ƙasa a tsohuwar tukunya, ta marmasa bula a ciki, irin wadda ake sa wa fararen kaya, ta shafe bango da tsumma. In ya bushe sai ya fito fari tas mai ratsin shuɗi, langa da tasoshi da fanteka suna ƙyalli a kansa. Ta ce ɗakin nan ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji sanyi har cikin ranka.

Na ce mata shuɗi ai kalar asibiti ce da shagon aski. Na ƙara da cewa an wuce wannan zamanin, kalar ƙauye ce. Wannan kalmar ta ƙarshe ta ɓata mata rai, ta yi shiru ta shige ɗaki, kuma har yau in na tuna ta nakan ji nauyi, don ɗakin uwarta take kwatanta mini, wanda ni ma a cikinsa aka haife ni.

Mun tambayi Inna, ba za a ce ba mu tambaye ta ba. Amma a tsaye muka tambaye ta, mu biyu, kowa ya gama jero dalilansa. Ta ce, “Duk wanda kuka yi ya yi. Allah ya yi muku albarka.” Muka ɗauka ta sakar mana ne. Wanda ya san Inna ya san ba za ta taɓa zaɓar maganar ɗa ɗaya ta bar ta ɗaya a gabansu ba. Yaya 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa, sai dai “ke” ko “yarinyar nan”. Ni kuma sunan mahaifinta na ci, “Babana” take ce mini. Ta ina za ta shiga tsakani?

Ran Asabar na tafi Kofar Ruwa tare da mai fentin da maƙwabcinmu ya haɗa ni da shi. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu, faratansa duk sun rine. Ya ce da farar ƙasa ya fara sana'ar, yana yaro, yana bin ubangidansa shafen masallatai kafin azumi. A shagon aka miƙo mana takardar kaloli, 'yan murabba'ai kamar kan sarki, kowanne da lamba da sunan Turanci. Ruwan madara kaɗai ya kai kala shida, daga mai kama da nono zuwa mai kama da ƙullun koko. Na nuna ɗaya, na ce a ɗauko bokiti mai lita 20. Dattijon ya dafa hannuna.

“Alhaji, takarda ba bango ba ce. Abin da ka gani a nan ɗan mitsitsi, in ya bazu a bango huɗu sai ya ƙara ƙarfi. Kuma a rana kake kallonsa, ɗakin Hajiya kuwa ba rana a ciki. Ka sayi galan ɗaya na wannan, galan ɗaya na wanda yayarka take so. Asarar galan ta fi asarar bokiti sauƙi, ballantana ba asarar ma, za a sami inda za a shafa ragowar.”

Na ga kamar jan aiki yake so ya yi, amma na ji kunyar furfurarsa. Muka sayi galan biyu masu lita 4, duka na fenti mai ruwa, da rola da burushi da takardar gurza bango.

Washegari aka fitar da kaya, aka bar gado da dardumar salla kawai, don Inna ta ce ba za ta kwana a wani ɗaki ba. Dattijon ya kankare inda tsohon fenti ya ɓamɓare, ya cike tsagogi, ya nuna mini ƙasan bangon arewa inda siminti ya yi fari-fari yana zuba kamar kanwa. Ya ce danshin kwatar lungu ne ke hawowa, ko wane fenti aka sa a nan sai ya tashi in ba a gyara magudanar ba. Sai ya tsaya a bangon gabas ya yi shiru. Akwai wani layi mai duhu, faɗinsa kamar tafin hannu, daidai ƙugun mutum, ya taso daga kan gado ya bi bangon, ya karya kwana, ya ƙare a jikin ƙofa. Ya ce, “Wannan fa?” Na ce jikoki ne, sun cika taɓa bango. Ya auna tsayin layin da jikinsa, ya dube ni, bai ce komai ba. Wurin kaɗai ya bari bai gurza ba.

Ya shafa faci huɗu, kowanne kamar girman dardumar salla. Biyu a bangon gabas, inda Inna ke fuskanta in za ta yi salla, biyu kuma a gefen ƙofa, shuɗi a dama, ruwan madara a hagu. Ya yi musu shafi na farko da safe, na biyu bayan la'asar. Ya ce kada kowa ya yanke hukunci sai sun bushe, don launin jiƙaƙƙen fenti ba shi ne launinsa na gaskiya ba. Ya tuna mana farar ƙasa, wadda in an shafa ta takan yi toka-toka kamar an ɓata bango, sai ta sha iska ta fito fari ƙal. Ya ce, “Ku ba su mako guda. Ku gan su da asuba, ku gan su da rana, ku gan su da wuta, ku gan su ba wuta. Sannan ku kira ni.”

Makon nan na koyi abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwata a cikin ɗakuna. Da sassafe, hasken da ke shigowa ta tagar arewa mai sanyi ne, ba rana a cikinsa, ga hazo ya ƙara dusashe shi. A wannan lokacin shuɗin yakan yi fari-fari ya koma wajen ruwan toka, har ka ji kamar sanyin ɗakin ya ƙaru. Ruwan madarar kuwa yakan riƙe ɗan ɗuminsa. Da hantsi zuwa azahar sai al'amari ya juya. A watan Janairu rana takan karkata kudu, saboda haka takan faɗo ta ƙofa ta kwanta a kan tayil, hasken ya tashi ya bugi bango. Nan ruwan madarar yakan yi rawaya sosai, ya kusa komawa tsohon ruwan ƙwan da muke son rabuwa da shi, shuɗin kuma ya buɗe, ya yi kyau irin wanda ni kaina ban iya musantawa ba. Yaya takan zo daidai wannan lokacin, ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu, ba ta cewa uffan.

Da dare kuma labari ya dogara ga fitila. Ƙwan da ke ɗakin tsohon yayi ne, mai jan haske. In an kawo wuta, ruwan madarar yakan yi kamar zuma, shuɗin kuma ya mutu, ya koma wani kore-kore mai datti. Na yi murna, na ce wa Yaya ta zo ta gani. Sai ɗanta ya kunna fitila mai caji, mai farin haske, ya haska bangon. Nan take shuɗin ya dawo da ransa, ruwan madarar ya kwanta ya zama fari marar armashi. Daga baya na lura har a jikin kwalin ƙwai akan rubuta wannan bambanci: mai lamba 2700K haskensa ja-ja ne, mai 6500K fari ne mai ɗan shuɗi. Bango ɗaya, fenti ɗaya, amma fuska huɗu ko biyar yake nunawa tsakanin asuba da lisha.

Rana ta huɗu dattijon ya biyo ya duba. Ya goga yatsa a kan kowane faci. Ƙurar hunturu, wadda iska ke ɗaukowa tun daga hamadar arewacin Chadi, fara-fara ce mai laushi kamar garin tuwo, in ta haɗu da jar ƙurar lungu sai ta zama kusan launin ruwan madarar. A kansa ba ka ganinta sai ka matso. A kan shuɗin kuwa sawun yatsan ya fito raɗau. Ya ce wannan kam gaskiyar Alhaji ce, ruwan madara ya fi rufa wa ƙura asiri. Ya ƙara da maganar turaren wuta, don ya ga kasko a bayan ƙofa: hayaƙi yakan sa kowane bango ya yi rawaya a hankali, a ruwan madara ba a cika ganewa ba, a shuɗi kuwa yakan nuna.

Yaya ta kawo hujjarta ta sanyi. Ya girgiza kai cikin ladabi. Ya ce, “Hajiya, sanyin da kike tunawa na ginin ƙasa ne. Kaurin bango ne da rufin azara. Zafin wannan ɗakin daga kwano yake saukowa. Ko wane launi na shafa a ciki, in bazara ta zo ana arba'in a waje, ɗakin zai yi zafi. Shuɗi ido yake sanyayawa, ba ya sanyaya jiki.” Ta ce ai idon ma wani abu ne. Ya ce ƙwarai kuwa.

To, in a lissafi ne, na ci. Ƙura tawa ce, hayaƙi nawa ne, tayil nawa ne, hujjar sanyi kuma ta faɗi. Yaya da kanta ta ce mini a waya in je in sayo abin da nake so, ita dai a gama. Na shirya ran Asabar in koma Kofar Ruwa.

Daren Juma'a na kwana a gidan, saboda ƙanenmu da ke kwana da ita ya yi tafiya. Na shimfiɗa tabarma a ƙasa daga gefen taga. Ba wuta. Kafin kiran assalatu na ji motsinta. Fitilar cajin ta yi rauni, ɗan haskenta kaɗai ke ɗakin, amma ni ina ganin komai, har butar da ke bakin ƙofa. Inna ta sauko daga gado, ta miƙa hannun hagu ta nemi bango. Ta dafa shi daidai kan layin nan mai duhu. Ta bi shi a hankali, tafin hannunta bai rabu da shi ba, ta karya kwana. Da ta kusa ƙofa sai ta ɗan tsaya, ta juya fuska wajen facin shuɗin, ta saki bango, ta taka taku biyu ba dafawa, ta kama ƙyaure.

Ban iya komawa barci ba. Shekara nawa ina shigowa ɗakin nan ina gaishe ta, ina zama a bakin gadon nan, layin yana gabana.

Da na dawo daga masallaci na same ta a kan darduma tana jan carbi. Na zauna har ta shafa. Na gaishe ta, sannan na ce, “Inna, don Allah ki dubi bangon nan da ke gabanki. A cikin biyun wanne ya fi kwanta miki?”

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Babana, wai biyu ne? Tun ranar nake jin kuna ta cewa biyu, biyu. Ni ɗaya nake gani.”

Na tashi na dafa facin ruwan madarar. Ta ce nan ai bango ne kawai. A idonta, shi da tsohon ruwan ƙwan da farin katakon ƙofa da tayil ɗin ƙasa duk abu ɗaya ne, ba ta ganin inda wani ya ƙare wani ya fara. Na dafa ɗayan. Ta ce wannan tana ganinsa, amma ba shuɗi take gani ba, wani abu ne mai duhu-duhu kamar toka. Ta ce, “Tun da mutumin nan ya shafa shi a gefen ƙofa nake gane ƙofar da dare. Na so in ce a bar mini shi, sai na ji kai ɗayan kake so.”

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce ya kai shekara uku. Da farko ta ɗauka hazo ne, sai damina ta zo hazon bai tafi ba. Sannan ciwon Baba ya tashi, ana ta kashe kuɗi, ta ga ba lokacin da za ta ƙara mana wani nauyi ba ne. Zaren allura jikoki ke sa mata. Alƙur'aninta mai manyan baƙi ta daina buɗewa, sai abin da ta haddace. Mu kuwa muna ganin ta rage fita tsakar gida, muka ce baƙin ciki ne.

Daga nan ta shiga ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na san kakana marini ne, a karofin Kofar Mata ya yi rayuwarsa, inda allon bakin ƙofa ke cewa tun 1498 ake rini a wurin. Amma ban san ita ce ke kai masa abinci tana yarinya ba. Ta ce hannayensa har gwiwar hannu shuɗaye ne, ko ranar Sallah ba sa fita. Ta kwatanta mini yadda ake haɗa baba da toka a rijiyar rini, a bar shi kwanaki ya nuna, da yadda zane ke fitowa daga ruwan yana kore-kore, sai ya sha iska ya juye shuɗi a gaban idonka. Tsomi ɗaya, ya yi haske kamar sama. A yi ta maimaitawa har ya kai wanda ake kira baƙi, a kai wa masu bugu su buge shi ya yi ƙyalli. Ta ce tana iya duban zane ta faɗi kusan sau nawa aka tsoma shi. Sai ta yi shiru, ta ce, “Na daɗe ban ga shuɗi ba, Babana. Ko sama na ɗaga kai na duba, toka nake gani.”

Na fita zaure na kira Yaya. Na kasa yi mata bayani a waya, na ce ta zo kawai.

Da dattijon ya ji, bai nuna mamaki ba. Ya ce tun ranar farko ya gane layin ba na yara ba ne, don yara ba sa bin bango a tsayi ɗaya, amma ba huruminsa ba ne ya faɗa. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya tsara yadda aka yi aikin. Aka sayo shuɗi wanda ya ɗan fi na gwajin ƙarfi, don ya ƙara rabuwa da farin ƙofa. Katakon ƙofa da na taga aka sabunta musu fari. Daga ƙasa, kamar kamu ɗaya, ya zagaye ɗakin da shuɗi mai duhu na fenti mai mai, don ta riƙa ganin inda tayil ya ƙare bango ya fara, kuma a iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Har makunnin wuta ya zagaye da shi. Aka gyara kwatar lungu, aka cire jan ƙwai aka sa fari. Warin fenti mai mai yana da ƙarfi, don haka dole ta haƙura ta kwana huɗu a ɗakin ƙanenmu. Ragowar galan ɗin ruwan madara aka ƙara masa wani aka shafe zaure.

Maganar ido kuma ta ɗauki lokaci. Wata gwaggonmu ta kawo shawarar a kira mai maganin gargajiya da ke kwantar da yana da tsinke, Inna kuma tana tsoron wuƙar asibiti. Sai da aka gama zaɓen 2019, cikin watan Afrilu, muka samu ta yarda aka je asibitin ido. Likitan ya ce yana ce a ido biyun, ta hagu ta fi nuna. Ya yi mana bayani dalla-dalla. A cikin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai da haske ke ratsawa. In shekaru suka ja yakan yi gajimare, ya rine ya yi rawaya, wani har ruwan ƙasa. Madubi mai rawaya kuwa shuɗin haske yake fara tarewa, shi ya sa shuɗi ke dushewa, fari da ruwan madara su haɗe. Ya ja mana kunne sosai a kan masu tsinke: tura madubin suke yi ya faɗa cikin ido, mutum ya ga ɗan haske na wani lokaci, da yawa kuma daga baya idon ya mutu gaba ɗaya. A asibiti cire shi ake yi a sa na roba a madadinsa.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Aka rufe idon da bandeji, washegari aka buɗe, aka ba ta baƙin tabarau da magungunan ɗigawa. A hanya ba ta yi magana ba, idonta a rufe saboda hasken rana. Muka shigo da ita ɗaki, Yaya ta zaunar da ita a bakin gado, ta saki labule. Inna ta zare tabarau a hankali.

Ta dubi bangon gabas. Ta sa tafin hannu ta rufe idon hagu, wanda aka yi wa aiki, ta duba da na dama. Ta sauke, ta rufe na dama, ta duba da na hagu. Ta yi haka ya fi sau biyar, mu muna tsaye. Sannan ta ce, “Ikon Allah. Yanzu kam biyu ne. Wannan idon toka yake gani, wannan kuma shuɗi.” Ta juya wajen Yaya, ta ce, “Ke, ashe haka kuka zuba shi? Wannan ai tsomi uku ne.” Yaya ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta tana kuka. Inna tana shafa mata baya, amma idonta na kan bango.

Bayan kwana biyu ta gaya mini gaskiyar ra'ayinta, wannan karon ba tare da na roƙa ba. Ta ce ya yi mata ɗan ƙarfi. Na tsohon ɗakinta bai kai haka ba, shi fari ne da aka ɗan ratsa. Ga shi kuma a makonnin farko komai shuɗi-shuɗi take ganinsa, har farin mayafinta, abin da likita ya ce yakan faru kafin ido ya saba. Na ce a sake shi. Ta ce a'a, ba za a yi ɓarnar kuɗi ba, kuma idon dama yana nan yana bukatarsa. Da azumi ya kama a farkon watan Mayu, da idon hagu ta buɗe Alƙur'aninta. An yi wa na daman aiki bayan Ƙaramar Sallah.

Har gobe ina nan a kan cewa a garin ƙura irin Kano ruwan madara ya fi sauƙin riƙo. Falona shi ne, zauren gidanmu ma shi ne, kuma ya fi ɗakin Inna jure hunturu nesa ba kusa ba. Shuɗin yana nuna ƙura kamar yadda dattijon ya faɗa, duk wata sai an bi shi da tsumma, saman inda kasko yake kuma ya yi dusu-dusu cikin shekara biyu. Sai dai duk wannan lissafin na mai lafiyayyen ido ne da ke shigowa gaisuwa ya fita, ba na mai kwana a ɗakin ba, kuma kwana bakwai na yi ina yin sa a gabanta tana ji.

A 2023 aka sake yi wa ɗakin fenti. Na nemi dattijon aka ce ya koma garinsu, sai yaronsa ne ya zo. Faci uku ya shafa a bangon gabas, duka shuɗi. Ni da Yaya muka zauna a tsakar gida, ba wanda ya shiga. Inna ta ba su kwana biyar, sannan ta kira yaron da kanta ta nuna masa mafi haske a ciki, ta ce ya ƙara masa ɗan fari. Kafin ya fara shafe na shiga na bi bangon da kallo, daga kan gado har bakin ƙofa, daidai ƙugu. Layin hannun nan bai sake fitowa ba.